Tulsa 1921: wa ya raɗa wa kisa suna "tarzoma"?

Ƴan uwana ɗalibai, abu ɗaya karatun ilimin harsuna ya zaunar mini a kai: wanda ya riga raɗa wa lamari suna, ya ci rabin shari'a. Bari in ba ku misali daga Amurka.

A garin Tulsa na jihar Oklahoma akwai unguwar baƙar fata mai suna Greenwood, mai shaguna da otal-otal da likitoci da jaridunta. Ranar 31 ga Mayu 1921 ƴan sanda suka kama Dick Rowland, saurayi mai goge takalma ɗan shekara 19, wai ya taɓa wata budurwa farar fata. Da yamma fararen fata suka yi dafifi a ƙofar kotun da aka tsare shi. Baƙaƙe sun san abin da ke biyo bayan irin wannan taro: rataya ba shari'a. Sai wasunsu, har da tsoffin sojojin yaƙin duniya na farko, suka zo da bindigogi don kare yaron. Aka yi harbi, gari ya rikice.

To, ina hukuma? Ai ƴan sanda ne suka rantsar da ɗaruruwan fararen fata a matsayin mataimaka, har suka ba wasu makamai. Zuwa washegari an ƙone gidaje fiye da 1,200, mutum kusan 10,000 sun rasa wurin kwana, an tsare baƙaƙe wajen 6,000. Hukuma ta ƙirga gawa 36, masana tarihi kuwa na cewa adadin na iya kai 300. Ba farar fata ko ɗaya da ya shiga kaso saboda kisan. Rowland kuma daga baya aka janye ƙararsa.

Sunan da aka ba wannan abu shi ne "tarzomar launin fata". Ku saurari kalmar da kyau. Tarzoma faɗa ce ta kowa da kowa, ba mai kisa, ba wanda aka kashe. Kuma sunan ya ci kuɗi: kamfanonin inshora suka ƙi biyan ƴan Greenwood, tunda a takardunsu ba su biyan ɓarnar tarzoma. Kwamitin binciken da jihar ta kafa ya ba da shawarar biyan diyya a 2001, ba a biya ba. Sai a ƴan shekarun nan aka soma cewa "kisan kiyashi" a hukumance. Viola Fletcher, wadda ta ga wutar tana shekara 7, ta yi bayani gaban majalisar Amurka a 2021 tana da 107. A Yuni 2024 kotun ƙolin Oklahoma ta yi watsi da ƙararsu.

Kada ku ce tsohon zance ne. Da George Floyd ya mutu ranar 25 ga Mayu 2020, sanarwar farko ta ƴan sandan Minneapolis cewa ta yi wani mutum ya rasu bayan matsalar lafiya. Ba maganar gwiwar Derek Chauvin a wuyansa fiye da minti 9. Bidiyon wata yarinya ƴar shekara 17 ne ya tona asiri.

Mu Hausawa mun san tazarar da ke tsakanin "ya mutu", "an kashe shi" da "wane ya kashe shi". Idan kuka ji sanarwar hukuma, ko ta ina ce, ku nemi mai aikatawa a cikin jimlar. In babu shi, ku tambayi wa ya cire shi.