Gidan Babban Gwani, inda gini ya zama gado

'Yan uwa mata, tun da kuɗin adashen da yawanmu a bulo da kwano yake ƙarewa, bari mu yi amfani da wanga biki mu waiwayi wani gida na magina.

A cikin birnin Zariya akwai unguwar Babban Gwani. Laƙabin wani magini ne, Malam Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na garin zamanin Sarki Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba siminti, ba rodi. Tubalin ƙasa ne da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. To amma azara ɗaya ba ta haye ɗaki mai faɗi. Sai ya riƙa jera ta gaɓa-gaɓa daga bango da ginshiƙi, kowane jeri ya zarce na ƙasansa kaɗan, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu can sama. Shi ne bakan gizo. Da aka zo gina sabon masallaci a shekarun 1970, tsohon zauren sallar an bar shi a ciki.

Ana ba da labarin wai a Birnin Gwari aka kashe shi, don kada ya sake yi wa wani gari irin ginin da ya yi can. In ma haka ne, ai an makara, yaran gida sun riga sun koya. Sarautar Sarkin Magina ta Zazzau ta ci gaba a zuriyarsa, ɗa ya fara da cuɗa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya hau bango.

Masu rubuta tarihin nan ba su cika ambaton mata ba, alhali in magini ya sauka, daɓe namu ne. Kakata da maƙwabtanta sukan taru da maɗaɓi da ruwan makuba, suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi sheƙi.

Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so kafin kowace damina, da indararo mai kyau. Ambaliyar Gummi ta 2024 ta rushe gidaje da dama, kuma samarin da ya kamata su gaji sana'ar, a Anka da Bukkuyum, da yawansu sun tafi haƙar zinari. A unguwarmu mai iya bakan gizo saura tsoho ɗaya, ba wanda ke miƙa masa tubali.