Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya: Daga Zamanin Elias Zuwa Dajin Birnin Gwari

Da Nijeriya ta samu mulkin kai a 1960, Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya damƙa Ma'aikatar Shari'a a hannun Dakta Taslim Olawale Elias, haifaffen Legas, wanda ya yi digirin digirgir a fannin shari'a a Landan. Aiki ja ya tarar a gabansa. Ƙasa ɗaya ce, amma Arewa tana da dokarta ta final kod da kotunan alƙalai, Kudu kuma tana bin wani kundin daban. Elias ya riƙe ragama cikin natsuwa, a zamaninsa ne aka tsara kundin tsarin mulkin jamhuriya na 1963. Sojoji ma da suka karɓi mulki a 1966, bayan 'yan watanni sai da suka nemo shi ya koma kujerarsa. Ya zama Alƙalin Alƙalai a 1972, a 1982 kuma ya shugabanci Kotun Duniya da ke Hague.

Shekarun mulkin soja na dokar-ta-ɓaci ne, ma'aikata ta yi abin da lokaci ya ba ta dama. Ta kuma sha jimamin kisan ministanta Bola Ige a Ibadan a Disambar 2001.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya tsayar da ofishin Antoni Janar, wato ministan ma'aikatar, a sashe na 150, sashe na 174 kuma ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifin tarayya, ko karɓe ta, ko janye ta.

Mutumin Birnin Gwari zai ce ina ruwansa da ofis a Abuja. Ai kuwa da ruwansa. Direban da ya sha jiran rakiyar sojoji kafin ya bi hanyar Kaduna ya san ta'asar da 'yan bindiga suka yi daga dajin Kamuku. A zamanin Ministan Shari'a Abubakar Malami ne aka nemi Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda, ta kuwa amince a Nuwambar 2021. Magajinsa Lateef Fagbemi shi ma ya maka gwamnoni 36 a Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Birnin Gwari na cikinsu. Saura a ƙara wa ma'aikatar lauyoyi da kuɗin aiki, don wanda aka kamo daga daji ya gurfana gaban alƙali a kan lokaci.