Baiti Kaɗai Ba Ya Isa: Bidiyon Waƙa da Fim a Aikin Adam A. Zango

A 'yan shekarun nan ɗaliban sassan Hausa sun fara kawo mawaƙan zamani a matsayin batun kundin digiri, kuma shawarar da akasari suke samu guda ce: a rubuto baitoci a takarda, a fitar da turke da tubalansa, a duba salo da awon baka, a bar hoto. Wani abokin aikinmu, malamin da nake ganin girmansa, shi ya fi kowa kafa wa wannan matsayi hujja. A ganinsa bidiyon waƙa ba na mawaƙi ba ne, na darakta ne da mai haɗa hoto. Rawar da ke ciki aro ce daga Indiya. Abin da ke shiga zuciyar jama'a ya zauna kuwa kalma ce da rauji. Saboda haka, in ji shi, ɗalibin da ke son nazarin bidiyon Adam A. Zango da finafinansa ya yi ɓatan kai, sashen aikin jarida ya kamata ya nufa. Ina ganin malamin bai yi daidai ba, aƙalla game da Zango, kuma bin shawararsa zai sa mu bar kaso mafi tsoka na aikin mutumin ba tare da an taɓa shi ba.

Tarihin masana'antar finafinan Hausa, wato Kannywood, sananne ne ga masu karanta wannan mujalla: Turmin Danya a 1990, Sangaya a 1999 da yadda waƙarsa ta mayar da rawa da waƙa jarin fim, kafuwar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, da zurfin tasirin finafinan Indiya (Larkin, 1997, Adamu, 2007). Ba sai an maimaita ba.

Inda ya kamata a tsaya shi ne watan Satumba na 2007. A lokacin ne kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da hukumar, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta yanke wa Zango ɗaurin wata uku da tarar naira 100,000 saboda fitar da kundin bidiyon waƙoƙinsa, Bahaushiya, ba tare da an tace shi ba (McCain, 2014). A takarda laifin rashin tacewa ne. Amma ƙorafin da ya cika gari a kan sutura ne da rawa, wato a kan abin da ido ya gani. Da a ce ɗalibi zai rubuto baitocin wannan kundi kaf, ya bi su da hanyar da malamin ke so, zai kammala kundinsa ba tare da ya gamu da dalilin da ya kai mawaƙin gidan yari ba. Nazarin da ya kasa ganin abin da hukuma da malaman addini da 'yan kallo suka gani a aiki, da wuya a ce ya ga aikin. Irin haka ta sake faruwa a Oktoban 2016, da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon mawaƙi ClassiQ. Ba ita ta rera waƙar ba, ba ita ta tsara ta ba. Hoton jikinta kusa da na namiji aka hukunta.

Malamin yana da amsa, kuma ba ƙaramar amsa ba ce. Ya ce idan shari'a ce hujja, to a tuna watan Yuni na 2009, lokacin da wannan kotu ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Oyoyo ta Zango da Hasbunallahu ta Aminu Ala. Waɗannan ba hoto ne ya yaɗa su ba. Daga waya zuwa waya suka bi gari, murya zalla. Ashe kenan, in ji shi, abin da ya fi firgita hukuma kalma ce, kuma nazarin kalma shi ne aikinmu tun fil azal.

Na yarda da rabin wannan. Haramcin 2009 a kan magana yake, kuma duk mai nazarin Zango dole ya ƙware a aikin baiti. Sai dai Oyoyo martani ce ga ɗaurin da aka yi masa a kan Bahaushiya. Mai sauraro a 2008 ko 2009 yana jin ta ne da hoton wancan bidiyo a ransa, ko ya gan shi ko labarinsa ya ji, tare da fuskar jarumin da ya saba gani a fim yana soyayya yana rawa, yanzu ga shi ya fito daga kurkuku. Idan aka cire wannan, abin da zai rage a takarda koke ne na wanda aka zalunta, irin wanda mawaƙa da yawa sun yi. Abin da ya ba ta kaifi har aka ga dacewar hana ta shi ne wanda ya yi ta da abin da aka riga aka gani a jikinsa. To misalin da malamin ya kawo don raba kalma da hoto, ina ganin shi ne ma ya nuna ba sa rabuwa.

Hujjarsa ta biyu ita ce ta mallaka. A Kannywood, ya ce, an daɗe ana raba murya da jiki: Misbahu M. Ahmad ko Rabi Mustapha ko Mudassir Ƙasim su rera a situdiyo, jarumai su hau kai su motsa baki. Wa za a ce ya yi wannan aiki? Tambaya ce mai kyau ga yawancin finafinan farkon shekarun 2000. Amma Zango ta ɗakin kiɗa ya shigo harkar kafin ya zama jarumi, yana rera waƙa, yana rawa, yana shirya fim da kansa. A wurinsa rabon da malamin ke dogara da shi ya yi rauni sosai. Ko ma inda wani ne ya ba da umarni ko ya haɗa hoto, ai nazarin waƙar baka bai taɓa cire 'yan amshi da makaɗa daga lissafi don ba su ne shugaban ƙungiya ba. Hanyar Gusau (1993) kanta tana tambayar kayan kiɗa, da wurin da aka yi waƙa, da wanda aka yi wa. Babu mai nazarin waƙoƙin Ɗan Anace da zai ce filin dambe da shigowar Shago ado ne kawai, kuma babu mai raba Barmani Choge da ƙwaryarta da rawar matan da ke kewaye da ita. Bidiyo shi ne filin da mawaƙin zamani ke aiwatar da waƙarsa. Abin da nake nema bai saɓa wa wannan hanya ba, faɗaɗa ta ne zuwa inda waƙar ta koma.

Batun Indiya ba zan daɗe a kansa ba. Aron gaskiya ne, kuma Abdalla Uba Adamu ya bi diddiginsa fim bayan fim. Amma mutumin da masoyansa suka laƙaba wa sunan Usher saboda salon rawarsa, ba Mumbai kaɗai yake kallo ba. Akwai Amurka a takunsa da suturarsa, akwai Legas a kiɗansa. Gano wace gaɓa ce daga ina, da yadda aka sassaita ta don ta wuce idon mai tacewa, aiki ne da ba ya yiwuwa daga takarda.

Wannan ya kai mu ga finafinan. A jerin Basaja Zango ɗan damfara ne mai sauya kama, jami'an tsaro na farautarsa, kuma ɗaya daga cikin sassan jerin sunansa Gidan Yari. A Gwaska ɓarawo ne mai rufe fuska da ke yi wa masu dukiya sata. Ana iya ganin kamannin wannan da fim ɗin Kick na Salman Khan na 2014, kuma malamin zai ce magana ta ƙare a nan. A wurina nan ta fara. Tambayar ita ce me ya sa wannan siffa, ta wanda doka ke nema amma ɗan kallo ke goyon baya, ta zauna wa Zango daram a idon jama'a. Ba na cewa ɗaurin 2007 ne ya haifi Basaja. Ba a karanta zuciyar mai fasaha daga aikinsa haka da sauƙi. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, ɗan kallo yana shiga waɗannan finafinai da sanin cewa wannan jarumi ya taɓa tsayawa gaban alƙali da gaske, ya kuma rera waƙa a kai. Dyer (1979) ya daɗe da nuna cewa tauraro ana gina shi ne daga fim da abin da ke wajen fim gaba ɗaya. A nan waƙa tana ba fim nauyi, fim yana mayar wa waƙa fuska.

Hujjar malamin ta uku ita ce ta fi tilasta mini rage da'awa. Ya ce a bar Kano, a je Bulabulin a Maiduguri a saurara. Tun da aka hana babura a birnin a watan Yulin 2011, keke napep ya zama abin hawan talaka, kuma waƙar da ke tashi daga cikinsa sauti ce, babu hoto. Mai shayi, tela, mai gyaran waya, duk kunne suke ba ta, hannu na aiki. Lokacin da aka katse layukan waya bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013, katin memori da masu tura waƙa a shaguna ne suka riƙe hanyar, kuma sauti ya fi bidiyo sauƙin ɗauka a ƙaramin kati. Ina bidiyon da ake ta kururutawa?

Akwai amsar da take zuwa baki da sauri: a unguwa irin Bulabulin, inda Hausa harshen kasuwa da titi ce ga mutane da yawa da Kanuri ko Larabcin Shuwa ne harshen gidansu, mai yiwuwa rawa da sutura da fuska suna isar da abin da habaici da karin magana ba su isar ba. Zato ne mai ƙarfi, amma zato ne, kuma sai an zauna da masu sauraron an tambaye su kafin ya zama hujja. Don haka na bar wa malamin wannan fili: a yawancin sa'o'in yini, a Bulabulin da wajenta, ta kunne ake shan waƙar Zango. Abin da ban bar masa ba shi ne cewa jin ya wanke daga gani. Shagon da ke tura waƙar shi ke tura fim ɗin, a kati ɗaya, a waya ɗaya. Direban da ya kunna waƙar da rana yana iya siffanta maka mai ita, tafiyarsa da askinsa da rawarsa, abin da kakansa ba zai iya yi ba game da mawaƙin da rediyo kawai ya kawo masa.

Da'awar kenan ta tsaya a nan: ga mawaƙin da shi ne jarumin fim kuma shi ne mai rawa, kuma aka taɓa hukunta shi a kan hoto, ba a iya ware baiti a ce shi ne aikin. Ban shimfiɗa wannan a kan kowa ba. Nura M. Inuwa, wanda muryarsa ta fi fuskarsa yawo, hanyar malamin za ta ɗauke shi da ɗan gyara. Umar M. Shareef kuwa, tun fitowarsa jarumi a Mansoor a 2017, ya matso kusa da matsayin Zango, kuma Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020 ta kawo wani sabon abu, inda bidiyon da mata suka riƙa ɗauka suna yi wa mazajensu rawa ya zama ɓangaren rayuwar waƙar.

A aikace wannan na nufin ɗalibi ya rubuto baiti kamar yadda aka saba, sannan a gefensa ya rubuta abin da ke kan allo a daidai wannan daƙiƙa: wa ke tsaye, me ya sa, ina kyamara take, ina aka yanka, tazarar da ke tsakanin namiji da mace. Tazarar nan musamman tana da tarihi, domin dokokin tacewa sun hana taɓa juna, kuma masu shirya rawa sun koyi cika gurbin da kallo da juyi da mayafi. Yana kuma nufin sassanmu su fara adana bidiyon kansa tare da kundin da aka rubuta a kai. Faifan da aka saya a kasuwar Ƙofar Wambai a 2007 yana lalacewa, abin da ake ɗorawa a YouTube kuwa sau da yawa an yanke farkonsa da ƙarshensa, inda sunayen darakta da mai kiɗa da mai haɗa hoto suke, kuma waɗannan sunaye su ne za su warware gardamar mallaka da malamin ya tayar, bidiyo bayan bidiyo.