Jaririn da ya saba da fida zai iya komawa kan nono? Ga abin da tarihi ya koya mana

Wataƙila tiyata aka yi miki aka ciro jaririn, ko kuma bakwaini ne ya kwana biyu a kwalba, kafin ki farfaɗo an riga an fara ba shi madara a fida. Yanzu kin dawo gida, kin ɗora shi a nono, sai ya kama ya saki, ya banƙare yana tsala kuka. Da an miƙo fida kuwa sai ya yi tsit. Daga nan maganganu suke farawa: wata ta ce nononki ba shi da kyau, wata ta ce ai ya riga ya ƙi, ki haƙura. To kafin ki haƙura, ki san cewa wannan matsala tana da tarihi, kuma likitoci sun daɗe suna sauya ra'ayi a kanta kafin su kai ga abin da suke faɗa yau.

Ba jiya aka fara shayar da jariri da wani abu ba nonon uwa ba. A shekarar 2019 masu bincike suka duba wasu 'yan ƙananan tukwanen yumɓu masu tsinin baki da aka tono a kaburburan yara a yankin Bavaria na Jamus, waɗanda suka kai shekaru 2,500 zuwa 3,000, suka tarar da alamar madarar dabbobi a cikinsu. Sai dai fida irin wadda kika sani 'yar ƙarni na 19 ce. A 1845 wani Ba'amurke mai suna Elijah Pratt ya yi rajistar kan fida na roba. A 1865 masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya haɗa abincin jarirai, sannan a 1867 Henri Nestlé ya fito da garin madararsa a Suwizalan. Fidar da aka fi yayi a Turai a lokacin tana da doguwar mesa ta roba wadda ba ta wankuwa, madara ta ruɓe a ciki, yara su yi ta mutuwa da gudawa. Abin ya kai Faransa ta haramta irin wannan fida a 1910.

Da madarar gwangwani ta bi jiragen ruwa zuwa ƙasashen da Turawa suka yi wa mulkin mallaka, inda tsaftataccen ruwa ke wuya, sai ɓarnar ta ƙaru. Likitar da ta fara ɗaga murya ita ce Cicely Williams, 'yar asalin Jamaika. Ta yi aiki a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kuma ita ce a 1935 ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin littattafan likitanci. Daga harshen Ga ta ɗauko ta, ma'anarta ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda an samu ƙaninsa, abin da Bahaushe ya sani a kan ɗan kwanika. Da aka mayar da ita Singafo, ta ga jarirai suna ramewa a kan madarar gwangwani, sai a 1939 ta yi wata lacca inda ta kira tallar irin wannan madara ga matalauta da sunan kisan kai. An daɗe ba a saurare ta ba. Sai a 1974 ƙungiyar War on Want ta Ingila ta fitar da rahoto a kan batun, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, a watan Mayun 1981 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar tallar madarar jarirai: ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi, uku suka yi rowar ƙuri'a. Najeriya ta yi tata dokar a 1990.

Kin ga duk wannan faɗa a kan talla da ƙwayoyin cuta aka yi shi. Abin da ke faruwa a cikin bakin jaririn sai daga baya aka duba shi da kyau. A 1986 Michael Woolridge a Ingila ya bayyana yadda jariri ke shan nono: yana buɗe baki sosai, ya cika shi da nono har da baƙin da ke kewaye da kan, harshe ya shimfiɗo a kan dasashin ƙasa, kan nonon ya shige can ciki wajen ƙarshen ganɗa. A 2008 Donna Geddes da abokan aikinta a Ostireliya suka yi amfani da na'urar sikanin, suka nuna cewa ruwan nono yana fitowa ne a daidai lokacin da harshe ya sauka ya haifar da zuƙa a cikin bakin. A fida kuwa aikin bai kai haka ba. Robar tana da tauri, tana taɓa ganɗa tun da aka saka ta, madara kuma tana ɗigowa nan take. Nono shi sai jariri ya ɗan yi tsotso, sau da yawa minti ɗaya ko fiye, kafin sinadarin oksitosin ya matso ruwan. Wanda ya saba da samu nan take, wannan jiran ne yake sa shi kuka. Ba ke ya ƙi ba, saurin fida ya saba da shi.

Akwai kuma ɓangaren uwa. Jiki yana yin nono ne gwargwadon yadda ake fitar da shi. Tsotso yana ɗaga sinadarin furolaktin mai sa a samar da ruwan, nonon da aka bari a cike kuma yana rage aiki. Duk fidar da aka bayar ba tare da uwa ta tatsa ba, saƙo ne ga jiki cewa an rage buƙata. Ruwa ya ragu, jariri ya ƙara ƙin kamawa, a ƙara fida. Haka ake yi har nono ya ƙafe.

Saboda haka a 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da matakai goma na shayarwa, waɗanda a 1991 suka zama ginshiƙin shirin asibitoci masu kula da shayarwa. Mataki na tara ya hana a ba jariri mai shan nono kan roba kwata-kwata. To idan jaririn bai iya kamawa ba fa, da me za a ba shi? Amsar ba daga manyan asibitocin Turai ta fito ba. A birnin Bogota na Kolombiya, a 1978, kwalaben bakwaini suka yi wa wani asibitin haihuwa kaɗan, sai Dakta Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗora jariransu tsirara a ƙirji, fata ga fata, a rufe su da zane, dabarar da ake kira renon kangaru. A Babban Asibitin Kenyatta da ke Nairobi, Dakta Rachel Musoke ta ba da rahoto a 1990 kan yadda suke ba ƙananan jarirai tatsattsen nonon uwa a ɗan kofi. A kudancin Indiya kuwa da ma suna da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai tsinin baki da suke kira paladai. Ita ma mesar nan ta dawo, amma da wani aiki dabam: siririya, kai ɗaya a cikin kofin madara, ɗayan a manne a gefen kan nono, ta yadda jariri zai samu abin sha yana tsotson uwarsa. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan dabaru a wani kundi kan maido da nonon da ya ragu ko ya ƙafe, ta nuna cewa abu ne mai yiwuwa, kuma ya fi sauƙi idan jaririn bai wuce wata uku ba.

Da aka zo gwaji, sai aka ga lamarin bai kai tsananin da aka ɗauka ba. A 2003 Cynthia Howard da abokan aikinta a Amurka suka gwada jarirai 700. Abin da suka samu shi ne ƙarin madara, ko a kofi ko a fida, yana gajarta shayarwa. Kofi bai fi fida ba idan aka haɗa kowa da kowa, amma ya taimaka ga waɗanda aka haifa ta tiyata da waɗanda aka yi ta ba ƙari sau da yawa. Wato jarirai da dama suna haɗa fida da nono lafiya lau, wasu ne suke rikicewa. A 2018 aka sake rubuta mataki na tara: maimakon haramci, sai aka ce a yi wa uwa bayanin yadda ake amfani da fida da kuma haɗarinta.

Me za ki ɗauka a nan? Na farko, ki kare ruwan. Ki tatsa ko ki ba shi ya tsotsa sau 8 zuwa 12 a yini da dare, har da cikin dare. Na biyu, ki yawaita kwantar da shi a ƙirjinki fata ga fata, ko da bai kama ba. Ki gwada shi lokacin da ya fara motsa baki ko yana gyangyaɗi, kada ki bari sai yunwa ta sa ya ɓarke da kuka, kuma kada ki danna masa kai. Ki ɗan tatso kafin ki ɗora shi don ya tarar da ruwan a kusa. Ki jira ya wage baki, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje. Idan zafi ya ci gaba, kamun bai yi daidai ba, ki sa ɗan yatsa mai tsafta a gefen bakinsa ki cire shi ku sake.

Ƙarin da yake sha kuwa kada ki yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa yayin da nono ke ƙaruwa. Ki nemi ungozoma ko nas ta nuna miki yadda ake bayarwa a kofi: a zaunar da shi, kofin ya taɓa leɓen ƙasa, shi zai riƙa lasa, ba a ɗura masa. Idan fida ce dole, a zaunar da shi, a riƙe ta kusan a kwance, a zaɓi kai mai ƙaramar huda, a riƙa tsayawa yana hutawa, kuma a tafasa ta bayan an wanke. Maigida da kaka, ku ma da naku: ku ɗauke mata aikin gida, ku daina ce mata nononta ba shi da kyau.

Ma'aunin ko yana ƙoshi shi ne fitsari aƙalla sau 6 a yini da dare, da kuma nauyinsa a sikelin asibiti. Idan fitsari ya ragu, ko ya yi laushi ba ya iya tsotso, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko idonsa ya yi rawaya, a tafi asibiti a ranar. Haka nan idan likita ne ya hana ki shayarwa saboda wata lalura, da shi za ki yi shawara kafin ki sauya komai. Wasu jariran kwana biyu suke komawa, wasu sai an yi makonni, wasu kuma haɗawa za a ci gaba da yi, kuma ko rabin cikinsa nononki yake cikawa yana samun kariyar da ke cikinsa.