Littattafan Soyayya na Hausa da Jinin Indiya da ke Cikinsu

Littattafan soyayya suna ne da aka laƙaba wa ƙagaggun labaran Hausa masu arha, waɗanda marubutansu ke bugawa da kuɗin aljihunsu tun daga wajajen 1984. Sunan bai cika yi musu adalci ba, domin a cikinsu akwai na ƴan sanda da ɓarayi, da na yaƙi da aljanu, da na kishi da rabon gado. Kano ce cibiyarsu, amma makarantansu sun bazu har ƙasar Adar da Gobir ta Nijar, inda a Madawa da Buza da Keita ake kiransu littattafan Hausa kawai. Duk wanda ya bi salsalarsu zai tarar da Indiya a tsaye a bakin ƙofa fiye da sau ɗaya.

Shigowar farko ta hanyar takarda ce. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubutu daga ofishin fassara na Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Imam ya zauna rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga littattafan gabas, ciki har da Kalila wa Dimna, wanda asalinsa tatsuniyoyin Indiya ne da suka ratsa Farisa kafin su shiga Larabci. Akun nan na cikin Magana Jari Ce mai tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare yana da ɗan'uwa a tsohon adabin Indiya. Sai dai Imam ya yi wa labaran wanka, ya sa musu riga da rawani, har Bahaushe ya ɗauke su gadon kakanni.

Shigowa ta biyu, wadda ta fi zurfi, ta majigi ce. Ƴan kasuwar Lebanon masu gidajen silima a arewacin Nijeriya suka fara kawo finafinan Indiya, kuma kafin shekarun 1970 sun danne na Amurka a zukatan ƴan kallo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yarinyar fim ɗin tana rufe jikinta, tana kunyar surukai, uba yana da wanda ya zaɓa mata, ita kuma zuciyarta tana wani wuri. Wannan rigima ce da kowace unguwa ta sani. Masani Brian Larkin ya yi rubutu a kan haka a 1997, yana nuna yadda Hausawa suka samu a finafinan wata rayuwar zamani da ba ta Turawa ba.

Kafin guguwar littattafan soyayya ta taso, kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Daga nan tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, a daidai lokacin da yaran da suka shiga makaranta a shirin ilimin firamare kyauta na 1976 suka isa samartaka, sun iya karatun Hausa kuma ba abin karantawa. Matasa suka ce ba za su jira kowa ba. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino, jigo a ƙungiyar Raina Kama, ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna, labarin ƴar masu hali da ta nace wa talaka. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda makaranta ke kira Anti Bilki, ta zo da Allura Cikin Ruwa. Ta ɓangaren tashin hankali da bincike kuwa akwai Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih.

Wanda ya taɓa riƙe irin littafin nan ba ya mantawa. Siriri ne, takardarsa irin ta jarida, an ɗinke tsakiyarsa da waya biyu, a bango hoton budurwa, wani lokaci ma ƴar fim ɗin Indiya. Ana raba labari kashi na ɗaya, na biyu, na uku, kuma a kan katse shi daidai inda hankali ya tashi, don a koma a sayi na gaba. Kwafi guda yakan zaga gida biyar, har bangon ya fita, a manne shi da ƙullin tuwo ko salatif.

Suka ta zo da zafi. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka shafe shekaru ana kai-komo a jaridu. A 2007 aka ƙona wasu littattafai a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, hukumar tace finafinai kuma ta matsa wa marubuta lamba. Gaskiya ne akwai rubutun ganganci da kwaikwayo tsagwaro a cikinsu. Amma a cikin waɗannan littattafai ne mata suka fara faɗin abin da auren dole da saki da zaman kishi ke yi musu, da bakinsu, ba wani ya ara musu ba. Wannan kaɗai ya isa a girmama su.

A Nijar labarin ya ɗan bambanta. Littattafan sun bi hanyar da sauran kayan Kano ke bi, ta Maraɗi da Ƙonni, da kuma jakunkunan ƴan cirani. Yaron Buza ko Keita da Faransanci ya koyi karatu, inda ake rubuta masa sunan garinsa da harufan da ba haka yake furta su ba. Kafin ya saba da ƙ da ɗ da ɓ sai ya yi ta tuntuɓe, kuma Hausar littafin Kananci ce, alhali shi a gida "tahi" yake cewa. Duk da haka ana karantawa, wanda bai iya ba a karanta masa. Yau waya ta sauƙaƙe lamarin: labari na zuwa shafi-shafi ta WhatsApp ko a murya cikin memori, gefe guda da finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa.

A Indiya ma irin wannan adabi ya bunƙasa, ana sayar da shi a tashoshin jirgin ƙasa, manyan masana na yi masa kallon hadarin kaji. Littafin Chetan Bhagat na 2004 shi ya zama fim ɗin 3 Idiots a 2009, kamar yadda littattafan Kano da dama suka koma fim. Kamfanin Blaft na birnin Chennai, wanda ya yi suna wajen tattara irin waɗannan labarai na harshen Tamil, shi ne ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Ingilishi a 2012. Ruwan da ya gangaro daga Indiya ya koma can da kayan Hausa a kansa.

Abin da ya rage shi ne muryar Adar kanta. Matar da mijinta ya tafi cirani Abijan ko Libiya shekara uku, manomin albasar Madawa da bashi ya sha kansa, matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasarsu tun daga 1984, duk labarai ne da suka fi na aro nauyi. A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Matasan Madawa da Buza da Keita, ku da kuka sha karanta na wasu, ku ɗauki alƙalami ku rubuta naku, da Hausar da kuka sha a nono.