Gobara biyu da tukunyar mutanen Yamai

Ranar Litinin da ta wuce na tambayi ƴan ajina ma'anar sunan unguwar Bukoki. Shiru. Da yawansu Hausa ake yi musu a gida, amma ba wanda ya taɓa lura cewa bukkoki ne, jam'in bukka. Laifin namu ne malamai. Muna koya musu daular Songai da ta Borno, mun bar garin da suke takawa kullum.

Yamai ba tsohon birni ba ne kamar Damagaram ko Agadas. Ƙauyuka ne na bakin kogin Isa, irin su Gudel, Gamkalle da Saga, kafin Faransawa su ɗauko babban birni daga Damagaram su kawo shi nan a 1926. Sun raba garin biyu: su a tudun Filato, baƙar fata a ƙetaren kwarin Gunti Yena. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen garin kimanin dubu 30 ne. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan ɗaya. Sunayen unguwanni sun riƙe labarin zuwan wannan jama'a. Lazare sansani ne na waɗanda farin 1973 da 1974 ya koro. Harobanda, wato bayan ruwa da Zabarmanci, ta bunƙasa ne bayan an buɗe gadar Kennedy a 1970.

Amma ni a ganina, abin da ya fi sauya zaman talakan Yamai shi ne ƙonewar kasuwanninsa biyu.

Babbar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, ta ƙone a watan Maris na 1982. Ba a buɗe sabuwar ba sai 1987. A shekaru biyar ɗin nan ƴan kasuwa sun watsu zuwa gefen gari, wajen Bukoki da Wadata, kuma da aka gama ginin ba duka suka koma ba. Ciniki ya riga ya koyi hanyar bayan gari. Wannan karon dai an yi asara, amma an ci wata riba, tunda kasuwa ta matso kusa da masu ƙaramin ƙarfi.

Ƙaramar Kasuwa kuwa, Habu Ganda, ita na sani da idona. Ina yaro, idan na zo hutu gidan kawuna, matarsa na ɗora mini kwando mu tafi da ƙafa. Can ake kai kifin kogi yana motsi, da salak da tumatir na lambunan bakin ruwa, da yaji iri-iri. Matar minista da matar mai gadi wurin mace ɗaya suke tayin kuɓewa. Inna tana da mai naman da ya san adadin bakunan gidanmu, ya kan ba ta bashi har ƙarshen wata ba tare da an rubuta komi ba. A watan Afrilu na 2012 wuta ta cinye kasuwar, kuma ba a sake gina ta a wurin ba. Masu sayarwa sun rarrabu a wasu kasuwanni. Kayan miya ba su ƙare a Yamai ba, to amma wurin da babba da ƙarami ke haɗuwa a tsakiyar gari ya tafi. Sai kuma rushe shagunan bakin hanya da aka soma a 2016, kafin taron Tarayyar Afirka na 2019, ya ƙara tura masu tebur nesa. Tsakiyar gari ta yi kyau da otal-otal da gadojin sama, ban musa ba. Sai dai yanzu wurin wucewa ne ga irinmu.

Mu kuma muna ta matsawa. Shingen itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kare garin daga iska da ƙura, yau gidaje sun ci wani sashensa sun tsallake shi. Tsofaffin unguwanni sun taso ne kewaye da kasuwa da masallaci. Sababbin kuwa filaye ake fara yankawa a sayar, kasuwa da lakwal su biyo baya, in sun biyo.

Nan ne tarihin ya shigo tukunya. A gidan kawu kowa na dawowa cin tuwon rana. Yau uba ya fita tun asuba, kuɗin taksi biyu ne tsakaninsa da gida, ba zai dawo ba sai magariba. Ya karya wurin mai shayi da burodi da ƙwai, da rana ya ci shinkafa da wake ko dambu da zogale a bakin ma'aikata. Uwa ba ta iya zuwa babbar kasuwa kullum, sai ta saya wurin mai teburin unguwa, mai na dala ashirin, tumatir uku, kuma a ƙarshen wata ta biya fiye da wadda ta saya da tiya. Yaro kuma a danƙa masa dala goma ko ashirin ya nemi abin da zai ci a ƙofar lakwal. Ina ganin abin da suke saya: farin masa, taliya da yaji, ruwan leda mai launi. Bayan hutun safe akwai waɗanda kansu ke kan tebur, kuma na daina ɗaukar abin a matsayin lalaci.

Ban ce a koma zamanin kwando ba. Matan da ke sayar da abinci a bakin hanya su ne suka riƙe garin nan, da yawansu da kuɗin suke sayen littafin ƴaƴansu. Abin da nake so iyaye su tambaya, duk lokacin da aka zo yanka sabuwar unguwa, shi ne ina filin kasuwa da na lakwal, kuma a hannun wa takardarsu take.

Ƴan ajina na ba su aikin gida: kowa ya tambayi babba a gidansu inda ake cefane lokacin da yake yaro, da inda ake yi yanzu, da kuɗin motar zuwa. Wata yarinya ta riga ta kawo nata. Kakarta ta ce a rubuta sunan Habu Ganda, sannan a rubuta cewa har yau akwai mai kifin da take bin ta canjin dala arba'in.