ZARE: Shekarar da aka ɗauke mana sabis a Dutsin-Ma, da kalmomin intanet da na koya da tsiya

1/ Duk wanda ya zauna a Dutsin-Ma ko Kurfi a ƙarshen 2021 ba sai an yi masa bayanin "babu netwok" ba. Amma kalmar nan abubuwa da yawa muke cusawa a cikinta. Sau uku aka yi wannan kukan a shekarar, kowanne da dalilinsa daban. A na biyun na yi asarar da har yau take min ciwo. Ku biyo ni.

2/ Bari mu ɗan koma baya tukuna. Wayar salula irin ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001. A lokacin kira ne kawai da saƙon tes. Ni dai ban taɓa ganin intanet da idona ba sai da na shiga kafe don cike fom ɗin JAMB.

3/ A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, garin ya cika da ɗalibai, shagunan kwamfuta suka yawaita. A nan na fara jin ana cewa "saba ta faɗi". Wallahi na daɗe ina zaton wata na'ura ce a bayan shagon take kifewa, mai kafe ya je ya ɗaga ta.

4/ Ashe saba kwamfuta ce kamar kowace, sai dai ba a kashe ta, dare da rana. Aikinta ta ajiye shafi, duk wanda ya nema ta miƙa masa. Idan mutum dubu goma suka taso mata a lokaci guda, kamar ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, sai ta kasa. Faɗuwar ke nan. Mai kafe ba shi da laifi, mun dai sha zaginsa a banza.

5/ To, 2021. Na farko shi ne Twitter. Ranar 5 ga Yuni aka toshe shi a Najeriya bisa umarnin gwamnatin tarayya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Sabar Twitter lafiyarta ƙalau, ƙarfen sabis ma yana aiki. Kamfanonin layi ne suka rufe ƙofar zuwa wuri guda.

6/ Shi ya sa VPN ya yi aiki. VPN kewaye ne: saƙonka ya fara zuwa wata saba a wata ƙasa, a lulluɓe, daga can ya wuce inda kake so. Kamar a rufe titi ɗaya ka bi ta lungu. A watan nan har wanda bai san ma'anar haruffan ba ya iya kunna shi.

7/ Na biyu shi ne namu. A watan Satumba, kwanaki kaɗan bayan an yi a Zamfara, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Lokacin Aminu Bello Masari ne gwamna. Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, tare da su Safana, Batsari, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Jibiya.

8/ Na tuna wani abokina yana ta danna VPN yana cewa ai yanzu zai kawo. Ina! Lungu yana amfani ne idan akwai gari. Wannan karon ƙarfen sabis ɗin ne aka kashe, wayarka ba ta da wanda za ta yi wa magana. Ba kira, ba tes, ba tiransifa. Masu POS suka naɗe laima.

9/ Idan kana son duba saƙo sai ka hau mota, ka wuce Kurfi, ka nufi Katsina, kana kallon saman waya kana jiran sanda ɗaya ta fito. Mutane har sallahu suke ba mai tafiya: ga lambar ɗana, ka kira shi ka ce muna lafiya. Mun koma zamanin aike da baki, da waya mai tsada a aljihu.

10/ Ga inda tawa ta same ni. Shekara guda kafin nan na sa an buɗe wa yayana shafi. Yana sayar da huluna da yadi, muna son masu saye daga Kaduna da Abuja su riƙa gani. Wani na biya ya haɗa mana, na ba shi kuɗi a dunƙule, ban tambayi na mene ne da mene ne ba. Ni dai na ga shafi ya buɗe, na yi ta murna.

11/ Abin da ban sani ba: shafi haya biyu ake biya masa. Akwai domen, wato sunan da ake rubutawa a burauza. Akwai hostin, wato wurin da aka kama maka a cikin saba inda hotunanka da rubutunka suke zaune. Domen allon shago ne, hostin shi ne ɗakin. Dukkansu ba saye ba ne, haya ce, kuma tana ƙarewa.

12/ Tamu ta ƙare a cikin watannin da babu sabis. Kamfanin ya yi ta aiko da tunatarwa ta imel. Imel ɗin ma ba nawa ba ne, na wanda ya haɗa shafin ne, don da sunansa ya yi rajistar komai. Ni kuma duk zuwan da na yi Katsina WhatsApp kawai nake dubawa in juyo.

13/ A watan Disamba aka dawo mana da sabis. Na buɗe shafin, wayam. Da na yi wa yayana bayani sai ya ce, "Kai yanzu ita ma intanet ɗin kuɗin haya take karɓa? To wa ye mai gidan?" Na ce, "Yaya, ni ma yau nake neman sa."

14/ Sunan mun samo shi, bayan roƙo da ƙarin kuɗin makara, don akan ɗaga wa mutum ƙafa na ɗan lokaci kafin a saki suna ga duk mai so. Ɗakin ne aka share. Hotunan kaya na shekara guda, farashi, jerin masu oda, duk sun tafi. Ba mu da kwafin ajiya ko ɗaya. Wannan kam sakacina ne, ba na ɗora wa kowa.

15/ Na uku ya faru muna cikin duhu, sai labarinsa muka ji. Ranar 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya, wajen awa shida. Duniya na ta ihu, mu a Dutsin-Ma ko a jikinmu. An ce wanda ke kwance ba ya tsoron faɗuwa.

16/ Abin da ya faru yana da daɗin fahimta. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani, ita ake kira adireshin IP. Tsarin da ke juya suna zuwa lamba shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983. Kamar jerin sunayen da ke wayarka ne: ka danna "Umma", waya ta kira lamba.

17/ A ranar, wani kuskure a gyaran cikin gida ya sa hanyar zuwa DNS ɗin Facebook ta ɓace. Ka rubuta sunan, babu mai gaya wa wayarka ina za ta. Ga data, ga sabis cike, ga shafi ba ya buɗewa.

18/ Tunda ana maganar suna, ku dubi na jami'ar garinmu: fudutsinma.edu.ng. Daga dama ake karanta shi. Wutsiyar .ng ta Najeriya ce, .edu na nuna makaranta ce, sauran shi ne sunanta. A 1995 aka ba ƙasar nan .ng, kuma abin mamaki, da farko daga Italiya ake kula da ɓangaren na'urorinsa, ragamar gudanarwa tana Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas.

19/ Sai a 2005 aka kafa NiRA, ƙungiyar da ke riƙe da shi yanzu. Ni a ganina ɗan kasuwar da masu sayensa 'yan Najeriya ne, .ng ko .com.ng ya fi masa, ko don ya biya da naira ba sai ya riƙa kallon farashin dala duk shekara ba.

20/ Akwai wani nau'in "babu netwok" ɗin ma da muka ɗanɗana daga baya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da MainOne da WACS. Intanet ta yi ta jan ciki, manhajojin banki suka ƙi buɗewa. Muna nan nesa da teku, amma mafi yawan abin da muke kallo ta cikin ruwan Legas yake shigowa. Idan sabar da shafinka ke kai tana Turai, duk mai buɗe shi daga Kurfi sai saƙonsa ya tsallaka teku ya dawo.

21/ Shafin Yaya mun sake gina shi daga farko, hoto ɗaya bayan ɗaya. Yanzu domen da sunansa yake, imel ɗin nawa ne, kwafin kayan yana cikin filashi a durowar shago. Ranar ƙarewar hayar kuma da kansa ya rubuta ta da maka a jikin bango, ƙasan lambar mitar wuta.